Kofin da na samu a akwatin Baba: ina gasar kwalejojin da ta tafi?

Jikan_Tudunwada
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Makon jiya muka buɗe akwatin ƙarfen mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da wani ɗan kofi da ya yi tsatsa, da wani hoto na samari huɗu sanye da fararen gajerun wanduna, sun tsaya a gaban wani gini mai bango uku ba rufi. A bayan hoton an rubuta sunan gidan kwanan ɗalibai na Ɗan Hausa. Baba ya yi kwalejin gwamnati ta Zariya a ƙarshen shekarun 1950. Yana da rai yakan ce mana a zamaninsu idan makaranta ta je ta ciwo garkuwa, har mutanen gari sai sun san an yi. Ni kuwa na gama sakandare ban taɓa ganin makarantarmu ta kara da wata ba ko sau ɗaya. Tambayata ita ce, da gaske ne gasar makarantun da ta kai yadda ake faɗa? Wane gini ne wannan na cikin hoton? Kuma me ya kashe abin?

Dattijo_Mai_Usur
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Wannan gini filin fayis ne. Mutum huɗu ke shiga, biyu-biyu, ana dukan ƙwallo da tafin hannu a bango. Duba hoton da kyau, ta gefen hagu za ka ga wani ɗan gini ya turo daga jikin bangon, kuma ƙasan filin hawa biyu ne, gaba ya ɗan fi baya tudu. Duk gwanintar wasan tana wajen wannan ɗan ginin, domin idan ka iya aika ƙwallo ta maƙale a lungunsa, abokin karawarka sai dai ya bi ta da ido. Ka adana kofin nan, kada ka bari yara su mai da shi abin wasa.

Malam_Tarihi
Bari in ɗora a kan abin da Baba Mai Usur ya faɗa. Asalin wasan daga makarantar Eton ta Ingila ne, inda ɗalibai suke buga ƙwallo a jikin bangon cocin makarantar. Wannan ɗan ginin na hagu da tudun ƙasan duk kwaikwayon matakalar cocin ne aka yi. Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya shigo da shi Arewa a shekarun 1920, ya koyar da shi a Birnin Kebbi da Katsina. Makarantar mahaifinka kuwa ita ce Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922. Ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, aka sa mata suna Barewa a 1971. Sardauna ya yi karatu a can Katsina daga 1926 zuwa 1931, kuma ya shahara a fayis da kurket. Bai bar fayis ba har ya zama Firimiya, da yamma a Kaduna yakan buga da ministocinsa da manyan ma'aikata. Ɗan Hausa da aka sa wa gidan sunansa shi ne Hanns Vischer, wanda ya fara makarantar boko a Nasarawa ta Kano. Sauran gidajen akwai Lugard, Clifford, Bello Kagara, Nagwamatse, Malam Smith, Mort da sauransu.

Jikan_Tudunwada
Allah ya saka da alheri Malam. Na sake dubawa, wallahi ga ɗan ginin nan a hagu kamar yadda Baba ya ce.

Tsohon_Ɗan_Midil
Ni abin da nake so yaran yanzu su gane shi ne, hamayyar daga cikin gida take farawa. Kafin ka sa rigar makaranta sai ka sa ta gidan kwananku. Kowace la'asar, in ban da ranar Juma'a, ana kaɗa ƙararrawa kowa ya fito fili, ba wanda ake bari a ɗaki sai marar lafiya. Mai gudu ya yi gudu, mai jifan dalma ya yi, mai ƙwallon gora ya ɗauki sandarsa. Mu da kanmu muke sassabe filin, mu auna yadi ɗari da igiya, mu ja layi da farar ƙasa. Yawancinmu ba takalmi muke gudu ba, wanda ya samu kambas kuwa sai ya wanke shi ya ajiye don ranar gasa. Idan aka zo gudun ba-ni-in-ba-ka, wanda shi ne na ƙarshe, har masu dafa abinci sukan bar tukwane su fito. Daga cikin waɗanda suka yi fice a gasar gidaje ake zaɓen waɗanda za su hau mota mai bodin katako su tafi wani lardi. Na tuna mun kwana a hanya, ƙura ta rufe mu, amma ba wanda ya runtsa, sai waƙar makaranta muke yi har gari ya waye. Da muka dawo da kofi, tun daga bakin gari aka tare mu.

Bakatsine_77
Allah ya ƙara girma Baba. Ita garkuwar da ake ta magana, wacce ce? Na ji ana cewa kofin Grier.

Malam_Tarihi
@Bakatsine_77 abu biyu ne daban. Kofin Grier na makarantun Kudu maso Yamma ne, irin su King's College da Igbobi na Legas da kwalejin gwamnati ta Ibadan. Wadda ta haɗa ɗaliban Arewa da na Kudu a guje-guje da tsalle-tsalle ita ce garkuwar Hussey, da aka fara a shekarun 1930. Shi Hussey ɗin shi ne Daraktan Ilimi na Najeriya daga 1929 zuwa 1936, kuma ɗan wasa ne na gaske, domin ya yi wa Birtaniya tseren tsallake shinge na mita 110 a gasar Olamfik ta Landan a 1908. Ɗansa Marmaduke ne ya shugabanci hukumar BBC daga 1986 zuwa 1996. Kun ga ke nan wanda ke riƙe da ilimin ƙasar gaba ɗaya mutum ne da ya ɗauki wasa a matsayin rabin karatu, shi ya sa ba a gina kwalejin gwamnati ba fili.

Sa'idu_Ɗan_Talaka
Ku yi haƙuri iyayena, ina girmama ku, amma zan faɗi abin da ke raina. Wannan zamani da ake yabo, mutum nawa ne suka shiga cikinsa? Kwalejin Katsina ɗalibai kaɗan take ɗauka a shekara daga duk faɗin Arewa, kuma da yawansu 'ya'yan sarakuna ne da alƙalai da ma'aikatan En'e. Kakana bai taɓa ganin sandar kurket ba. Abin da ya sani shi ne dambe da kokawa bayan kaka, da langa a dandali da farin wata. Su ma suna da hamayya gari da gari, suna da makaɗa, suna da jaruman da ake yi wa kirari. Bature ya kawo wasannin makarantun masu kuɗin ƙasarsu don ya tarbiyyantar da waɗanda za su taya shi mulki. Idan makaranta tana da yara ɗari biyu da fili eka da yawa, dole wasa ya yi kyau. Yanzu aji ɗaya ma ya kusa kai wannan adadi.

Dattijo_Mai_Usur
Sa'idu ɗana, rabin maganarka gaskiya ce, ba zan musa ba. Farkon abin haka yake. Amma ni ubana manomi ne, jarrabawa na ci aka tura ni. A ɗakinmu gadona yana kusa da na ɗan hakimi, kuma a fili ni ne kyaftin ɗinsa. Idan ya makara ni ke hukunta shi. Babu wani wuri a ƙasar Hausa ta lokacin da hakan za ta yiwu in ba a wannan filin ba. Kuma ka tuna Yakubu Gowon ɗan malamin mishan ne daga Wusasa, a wannan kwalejin ta Zariya ya zama mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallo, ya kuma shugabanci 'yan damben boksin.

Hajiya_Uwar_Biyu
Duk kun manta da mu. Tun ɗazu nake karantawa ban ji an ambaci mace ba. Mu ma mun yi. Akwai makarantar Sarauniya Elizabeth ta Ilorin, akwai ta Kakuri a Kaduna wadda yanzu ake kira Sarauniya Amina, akwai St Louis da Dala a Kano, ga kwalejojin horar da malamai mata. Na yi makarantar kwana a farkon shekarun 1970, ni ce ta ƙarshe da ke karɓar sanda a gudun mutum huɗu. Abin da ya bambanta namu da naku shi ne, ku idan kun ci ana yi muku murna a gida, mu kuwa ɓoyewa muke yi. Na taɓa cin kyautar bokiti da tawul, na kai gida na ce na tsafta ne, domin da gwaggona ta ji cewa gudu na yi a gaban jama'a da ba a bar ni na koma ba. Abin yana ci mini rai har yau, saboda akwai wata yarinya a ajinmu da ba na jin akwai mai kamo ta a duk jihar, aka cire ta a aji uku.

Ummu_Hanan
Allah sarki Mama. Ni malama ce a makarantar 'yan mata yanzu, kuma matsalar tana nan. Sai dai mun gano idan aka yi wasan a cikin katanga, da doguwar riga da wando da hijabi, alƙalan kuma mata, iyaye ba sa hanawa. Wasu ma zuwa kallo suke yi.

Zango_Kumasi
Gaisuwa daga Kumasi. Ina so ku sani abin da kuke cewa ya mutu a wurinku, mu a nan yana da rai. Gasar guje-guje ta sakandare da muke kira Inta-ko har gobe tana cika filin wasa na Baba Yara. Hamayyar Prempeh da Opoku Ware ta wuce yadda kuke zato, tsofaffi masu furfura sukan bar aiki su zo su zauna da tutar makarantarsu. Makarantar Ahmadiyya ta nan Kumasi, wadda yaran Zango da yawa suka yi, ta daɗe tana ba su wahala a tsere. A Cape Coast kuma Mfantsipim da Adisadel ne. Bature ɗaya ne ya kawo mana mu da ku. To me ya sa namu ya tsaya? A ganina saboda ba mu rushe makarantun kwana ba, kuma tsofaffin ɗalibai ba su saki makarantunsu ba.

Ɗan_Jos_Na_Asali
Yaya na Kumasi, tunda ka taɓo mu, ka tuna da karawar ɗaliban Najeriya da na Gana a ƙwallon ƙafa, wadda ake kira Academicals. A tsakiyar shekarun 1960 yaranmu suka je har Accra suka yi nasara, kuma ƙashin bayan ƙungiyar 'yan Jos ne: Ismaila Mabo, Sam Garba Okoye, Peter Anieke, Tony Igwe. Dukkansu daga makaranta aka tsamo su suka shiga babbar ƙungiyar ƙasa. Shi marigayi Mabo shi ne ya kai ƙungiyar mata ta Najeriya zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 1999. A 1977 kuma makarantar Christ the King ta Onitsha ta ciyo kofin makarantun duniya a Dublin. Makaranta guda ɗaya fa, ba zaɓaɓɓun ƙasa ba.

Zango_Kumasi
Na yarda, an yi haka. Dattawanmu na nan suna ba da labarin Sam Garba har yanzu.

Tsohon_Alƙalin_Wasa
Ina jin daɗin hirar nan, amma kada mu shafa wa abin zuma ta ko'ina. Na yi alƙalanci a wasannin makarantu shekara da shekaru, na ga abin da ba shi da daɗin faɗa. Akwai ranar da wasu makarantu biyu na gari ɗaya suka kara, ba zan kama suna ba, aka tashi ɗaya da nema. Kafin mu kai bakin ƙofa duwatsu sun fara sauka. An fasa gilashin motar baƙin, an fasa wa wani yaro kai, ni kaina a ɗakin ajiyar kaya aka ɓoye ni har magariba. Shekara biyu ba a sake haɗa su ba. Ga zargin asiri, kowace makaranta ta rantse ɗayar ta binne laya a raga, har na taɓa tsayar da wasa aka tona gindin turke don hankalin yara ya kwanta, ba a sami komai ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne sojan haya. Tun ƙarshen shekarun 1970 aka fara kawo ƙato mai gemu a ce ɗan aji uku ne. Daga ranar da shugabannin makarantu suka fara son kofi fiye da yaransu, daga nan tsutsa ta shiga goro.

Tsohon_Ɗan_Midil
Gaskiya ne Alƙali, amma a namu zamanin idan ka yi jifa, washegari a gaban taron makaranta za a kira sunanka. Kuma dokar ita ce, duk wanda ya zo muku baƙunta ku za ku ba shi gado da abinci. Wanda ka kwana da shi a ɗaki ɗaya da wuya ka jefe shi. Mutumin da ya kayar da ni a gudun mil ɗaya, shi ne ya zama babban abokina, shi ya yi mini waliyyi a auren 'yata ta fari.

Samaru_Kwando
Ba a yi maganar jami'o'i ba. An fara gasar wasannin jami'o'in Najeriya, wato NUGA, a Ibadan a 1966 da jami'o'i biyar kacal: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife da Ahmadu Bello. ABU ita kaɗai ce daga Arewa, don haka idan ta fita kamar duk Arewa ce ta fita. Ina Samaru lokacin da Zariya ta karɓi baƙuncin gasar a 2001, na ga yadda masu shayi da 'yan acaɓa suka san sunayen 'yan wasa. A ƙwallon kwando kuwa Zariya makaranta ce da kanta, albarkacin koci Oliver Johnson, Ba'amurken da ya zauna a garin shekaru masu yawa. A hannunsa Masai Ujiri ya koyi wasa, wanda ya shugabanci Toronto Raptors har suka ci kofin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2019. Abin takaici shi ne daga shekarun 1980 duk wanda ya yi fice a gudu sai jami'o'in Amurka su ɗauke shi, kamar yadda Chidi Imoh ya tafi Missouri. Can ana ba ɗan wasa karatu kyauta, a nan kuwa sai ya dawo daga gasa ya tarar an yi jarrabawa ba shi.

Bakatsine_77
Wani abu ya faɗo mini. Kawuna ya ce littafin rubutun da suka yi amfani da shi a firamare yana da hoton wani mai tsalle a bangonsa. Wane ne?

Malam_Tarihi
Emmanuel Ifeajuna ke nan. Ya ci zinare a tsallen sama a gasar ƙasashen renon Ingila da aka yi a Vancouver a 1954, ya tsallake ƙafa 6 da inci 8. A makarantar sakandare ta Onitsha ya koyi tsallen, daga baya ya yi jami'ar Ibadan. Yaran Arewa sun yi shekaru suna rubutu a littafi mai hotonsa suna alfahari da shi. Shi ne kuma yake cikin sojojin da suka yi juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, wanda aka kashe Tafawa Ɓalewa da Sardauna a cikinsa, tsofaffin ɗaliban Kwalejin Katsina su biyu. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Dattijo_Mai_Usur
Allah ya jiƙan magabatanmu. Mu bar wannan a nan, zauren na wasa ne.

Ɗan_Maraɗi
Sannunku 'yan uwa. Mu a Nijar lakwal ɗin Faransa ba ta zo mana da fayis ko kurket ba, ba mu da gidajen kwana masu gasa irin naku. Amma abin da Sa'idu ya faɗa ya taɓa ni. Mu kokowa muka ɗauka muka mai da ita ta ƙasa, tun gasar farko a Tawa a 1975. Yau idan ana neman takobi, jiha da jiha, kasuwa ma tsayawa take yi, kowa kunnensa na kan rediyo. Hamayyar da kuke nema a makaranta mu a nan muka same ta.

Sa'idu_Ɗan_Talaka
Madalla da Yayana na Maraɗi. Abin da nake nufi ke nan. Ko fayis ɗin ma ai bai rayu don makaranta ba. Ya rayu ne don ya fita gari. Je ka Katsina ko Birnin Kebbi ko Sakkwato da la'asar, za ka ga tela da direba da ma'aikaci suna bugawa da ƙwallon tanis, hannu ba safa, kuma ana gasar kofin Sardauna. Kurket da bai fita gari ba ina yake a Arewa yanzu?

Malamin_Wasanni_Yanzu
Ni ne nake cikin abin a yau, bari in amsa tambayar ƙarshe ta mai tambaya. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka yi yawa, wanda alheri ne, amma ba a ƙara fili ba. Aka mai da makarantun kwana da yawa na jeka-ka-dawo. Yaron da zai tashi ƙarfe biyu ya tafi gida, daga nan Islamiyya ko kasuwa, yaushe zai fito filin la'asar? Da tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, kuɗin wasanni aka fara yankewa. A makarantar da nake koyarwa, inda ramin dogon tsalle yake an gina azuzuwa uku, gefen filin ƙwallon kuma shaguna ne. Makarantun kuɗi da yawa a gidan haya suke, ko wurin taron safe ba su da shi. Gasar gidaje ta koma biki na yini ɗaya, a karɓi kuɗin riga, a yi fareti, a gayyaci mai kuɗi ya ba da gudummawa. Yaron da ya zo na ɗaya ba wanda zai sake nemansa sai baɗi. Duk da haka bara na haɗa kai da malaman makarantu uku na unguwarmu muka yi tsere a filin idi, da kuɗin aljihunmu. Yaran da suka zo kallo sun fi ƙarfin igiyar da muka ɗaura.

Hajiya_Uwar_Biyu
Malam, Allah ya yi maka albarka. Idan za ku sake, ku sa 'yan mata ko da a rana daban ce. Ni zan sayi kyautar ta ɗaya, kuma a rubuta a jiki cewa ta gudu ce.

Ummu_Hanan
Mama, ni zan kawo ɗalibaina in shugabarmu ta amince. Malam ka turo mini saƙo ta gefe.

Jikan_Tudunwada
Na gode ƙwarai iyayena. Na nuna wa mahaifiyarmu wannan hira, ta ce Baba har ya tsufa tafin hannunsa na dama ya fi na hagu kauri, ba ta taɓa sanin dalili ba sai yau. Ina so in je Zariya in ga ko filin da ke cikin hoton yana nan. Akwai wanda ya shiga makarantar kwanan nan?

Dattijo_Mai_Usur
Ka je da hoton a hannunka, ka nemi ofishin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, wataƙila a gane sauran ukun. Kuma kada ka goge kofin da toka ko yashi, rubutun zai tafi. Ka sa ɗan tsumma da man gyaɗa a hankali, in shekarar ta fito ka faɗa mana.